Ni Na Ɗauki Muryar Babana, Taubashina Ya Mai da Ita Abin Dariya

Assalamu alaikum, mai shafi da jama'ar da ke karantawa, Allah ya sa kuna lafiya. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku bari ku kai ƙarshe kafin ku zage ni, don zagin da nake yi ma kaina ya ishe ni.

Mu mutanen wajen Ruma ne, rashin tsaro ya koro mu cikin Batsari. Ina da taubashi, ɗan gwaggona, wanda in na faɗi sunanshi duk kun san shi, don shi ke gabatar da wani shirin barkwanci a talabijin. Tare muka tashi. Tun muna firamare yake kwaikwayon tafiyar hedimasta, daga nan sai gidajen biki, sai bidiyo a waya, har Allah ya ɗaga shi ya koma birni. Ni ne na farko da ya fara yi mashi dariya a duniya, kuma ni ya fi tsokana, ban taɓa jin haushi ba. To wa ke fushi da taubashi?

Bara 'yan bindiga suka ɗauke babana a gona. Da Allah ya kuɓutar da shi ya dawo, ya yi makonni ba ya magana. Ran nan ya kira ni da ƙanenshi, Baffa, wanda ya zo daga Zakka duba shi, ya ce zai faɗa mana abin da ke cin shi, amma ya tsaya tsakaninmu mu uku. Ya ce a daji wani yaro da bai kai jikanshi ba ya sa shi rawa, shi da furfurarshi, yana rawa yana roƙo: "Ranka ya daɗe, ƙafar ce ba ta da lafiya." Yana faɗi yana kuka. Ni kuwa wayata na cikin aljihu tana ɗauka. Wallahi ina jin kunyar rubuta wannan. Taubashin nawa ne ya daɗe yana damuna in ɗauko mashi labarin daga bakin babana, wai zai yi shiri na musamman, ba na dariya ba, don manya su ji halin da muke ciki. Ya ce, "Kawu ubana ne, zan tozarta shi ne?" Na yarda, na tura mashi muryar.

Jama'a, ko wata ba a yi ba, sai ga shi a talabijin da gemun auduga da sanda, yana ɗingishi yana juyi yana cewa, "Ranka ya daɗe, ƙafar ce ba ta da lafiya!" Mutane na ta faɗuwa don dariya. Maganar ta shiga gari, 'yan acaɓa na yi, masu shayi na yi. Babana ya ji ta a kasuwa, wani ya nuna mashi a waya bai san da mai abin yake magana ba. Ya dawo gida bai sayi komai ba, tun ranar bai sake taka kasuwa ba.

Na kira taubashin, na ce, "Kai, ka ci amanata!" Sai ya kwashe da dariya, wai, "Haba taubashi, wasa ne fa. Na ambaci suna? Tun yaushe ka fara fushi da ni?" Na ce ni ne abokin wasanka, ba Kawunka ba, in kana son wasa ka kwaikwayi ni har ka gaji. Ya ce yana tsakiyar ɗaukar shiri, zai kira ni. Har yau bai kira ba, kuma ya ci gaba da yin tsohon, don wai shi jama'a ke so. Wannan shi ne mutumin da muka ci tuwo kwano ɗaya?

Abin da ya fi ƙona mani rai, babana bai taɓa zargina ba. Zarginshi ya faɗa kan Baffa, saboda Baffa na da surutu kuma yana yawan zuwa wajen Gwaggo. Baffa ya zo har sau biyu yana rantsuwa yana hawaye, babana ya juya mashi baya. Ina tsaye a wurin, na bar laifina a kan Baffa. 'Yan'uwan da ko gona ba su taɓa rabawa ba, yau ko gaisuwa babu.

Jiya da safe bayan na gaishe shi, ya riƙe hannuna ya ce, "Kai kaɗai ka rage mani, Allah ya yi maka albarka." Sannan ya ce ranar Juma'a in hau babur in je Zakka, in faɗa ma Baffa cewa in ya mutu, bai yarda ya zo ya yi mashi salla ba.

Ga hawan jini yana fama da shi, ina tsoron in na faɗi gaskiya ta kayar da shi, ko ya janye albarkar nan. In kuma na yi shiru, da bakina zan kai ma Baffa hukuncin laifin da ni na aikata. Yau Laraba. Don girman Allah, me zan yi?