Karan da Mai Kwalekwale Ya Auna 'Yata da Shi

Assalamu alaikum Anti, da ke da masu bibiyar wannan shafi, Allah Ya saka da alheri. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma a yi haƙuri da rubutuna, karatuna bai yi nisa ba. Wanda zai zage ni ya bari ya kai ƙarshe tukuna, ni ma na zagi kaina har na gaji.

Tun da na haifi 'yata, zan kira ta Hanifa, ruwa ya zame mini dodo. A wani ƙauye wajen Auyo na tashi, inda in damina ta yi ƙarfi sai da kwalekwale ake zuwa gona. Ina ƙarama na ga an tsamo gawar 'yar maƙwabtanmu daga ruwa an kwantar da ita a kan tabarma, ɗankunne ɗaya na kunnenta, ɗaya babu. Ban san abin ya zauna mini a rai ba sai da na haihu. Yanzu ko bokiti aka bari da ruwa a tsakar gida ba na samun natsuwa sai na kife shi.

Aure ya kawo ni cikin garin Haɗeja, gidan 'yan boko. Yayan mijina, wanda muke ce wa Yaya Babba, a Abuja yake aiki. Bana yaransa suka ga bidiyon Turawa suna tuƙa 'yan ƙananan jirage a wani tafki tsakanin duwatsu, suka hana shi sakat. Shi kuwa ya ce me zai kai shi ƙasar wasu, ga ruwa a gida? In an yi dogon hutu zai zo da su, a ɗauki kwalekwale a zaga fadama da duk jikokin Hajiya, wato surukata, a sauka a wani tudun yashi a ci abinci a yi hotuna. Dogon hutu kuwa kun sani, tsakiyar damina ne, lokacin da kogi ya cika ya batse, ruwan ya yi ja.

Gidan ya koma ba a maganar komai sai tafiyar nan. Wa za ta soya kaji, wa za ta yi dambu, wace atamfa za a ɗinka wa yara iri ɗaya. Na samu mijina na ce, "Baban Hanifa, don Allah a bar ta a gida, ƙarama ce." Ko ɗaga kai daga wayarsa bai yi ba, ya ce, "Ke da kika tashi cikin ruwa kamar kwaɗo, yau ke ce mai tsoronsa?" Na je wurin Hajiya na durƙusa. Ta ce, "Jikata ce, ba daga ƙauyenku kika zo da ita ba." Matar Yaya Babba kuwa da ta ji labari sai ta aiko da saƙon murya, aka kunna a tsakar gida: wai a cika mini bahon wanki in zauna a ciki ina ɗaga musu hannu. Har da Hanifa a masu dariya, ba ta ma san me ake wa ba.

Mijina ya samo mai kwalekwale, zan ce masa Baba Gambo. Dattijo ne masunci, a damina yana fiton mutane. Wata rana da hantsi ya zo gidan, Hajiya ta tafi barka, maza duk sun fita, ni kaɗai ce babba. Ya yi sallama a zaure ya ce a turo masa ƙaramar cikin yaran da za a tafi da su. Na fito riƙe da hannun Hanifa. Ya tsuguna, ya ba ta gyaɗa, ya zaro karan dawa daga dangar maƙwabta, ya tsayar da shi a jikinta, ya karya shi daidai ƙirjinta. Ina jin ya ga fuskata ta canza, don ya yi dariya ya ce, "Kwantar da hankalinki, 'yata. Da wannan zan je in gwada ruwan inda za su sauka. Duk inda ya shanye karan nan in kafa sanda, ba yaron da zai wuce ta. Ni ma ina da jikoki." Ya sa karan a hammata ya tafi.

Wallahi Anti na fahimce shi sarai. Har wani sanyi na ji a raina na ɗan lokaci. Amma da na koma ɗaki na tuna jan ruwan nan, sai Shaiɗan ya raɗa mini abin da kowane Bahaushe ya sani: gawa ake aunawa da kara, a kai wa masu haƙa kabari.

Da Hajiya ta dawo na tare ta ina kuka, kukan kuma na gaske ne, wannan ne abin da ya fi ba ni tsoro da kaina. Na ce, "Hajiya, mutumin nan ya zo ya auna Hanifa da kara, ya tafi da shi." Ta ce, "Ya auna ta? Ya ce me?" Na ce, "Bai ce komai ba. Bakinsa dai yana motsi." Ta kira Hanifa ta tambaye ta, yarinya ta ce e, Baba ya karya kara a jikinta ya ba ta gyaɗa. Hajiya ta saki salati, ta tura mata yatsa a maƙogwaro sai da ta amayar da gyaɗar, ina tsaye ina kallo.

Ni abin da nake so kawai a fasa tafiya. Ina na san magana za ta yi ƙafa? Kafin la'asar an ce Baba Gambo ya yi wa mutanen ruwa alkawarin yarinya. Washegari an ce yara uku ya auna. Wata ta rantse shekarun baya da jirginsa ɗan wane ya nutse, alhali kowa ya san yaron wanka ya je. Samarin unguwa suka same shi a bakin kogi yana gyaran taru, suka rufe shi da duka, suka fasa cikin kwalekwalen da gatari. Aka ɗauki bidiyo, ni ma an nuna mini. Hularsa na cikin laka, jini na bin gemunsa, yana ta faɗin, "Ku tambayi uwar yarinyar! Ita na yi wa bayani!" Wani yana cewa, "Tsoho, auna kanka yanzu!" ana shewa. A cikin jirgin suka tarar da karan, aka ɗaga shi sama kamar an kama ɓarawo da kaya.

Aka fasa tafiya. Kuma zan faɗi gaskiya tunda ba ku san ni ba: na ji daɗi. Ranar na ci abinci har da ƙari. Hajiya da ba ta taɓa kiran sunana ba sai "ke", ta koma ce mini 'yar albarka, tana nuna ni ga baƙi wai idona ne ya ceci jikokinta. Matar Yaya Babba ta aiko mini da leshi. Na ɗinka, na sa. Wace irin mace ce ni?

Sai matar Baba Gambo ta zo. Tsohuwa ce, ta girmi uwata. Ta ƙi hawa tabarma, ta durƙusa a ƙasa a gabana. Ta ce, "'Yata, ba faɗa na zo ba. Hannunsa ya karye, ba mai sayen kifinmu, jikokinmu an hana su zama kusa da yara a Islamiyya, ana ce musu jikokin mai kara. Ya ce ya faɗa miki dalili. Ko kin manta ne? Mantuwa ba laifi ba ce, ki ce kin tuna kawai." Kun ga, har hanya ta buɗe mini. Amma Hajiya na zaune a bakin ƙofarta tana jan carbi tana kallona. Na ce, "Iya, ni abin da na gani na faɗa. In yana da gaskiya Allah Ya fitar da shi." Ta daɗe tana kallon leshin jikina, sannan ta dafa ƙasa ta miƙe. Da ta fita na ɗauki tsintsiya na share inda ta durƙusa, don Hajiya ta gani.

Yanzu maganar ta kai gaban mai unguwa, don mutane sun ce sai ya bar garin. Mai unguwa ya ce ba zai kori dattijo a kan jita-jita ba, shaida ɗaya ce, ni. Zan dafa Alƙur'ani in ce bai yi mini bayanin komai ba. In na rantse, ya tattara iyalinsa. Da aka sa rana na ce ba na salla, aka ce ba komai, za a jira in yi wanka. Na ja, na ja, yanzu Hajiya ta fara ƙirga mini kwanaki da ido. Jiya mijina ya kira ni ɗaki ya ce, "Na ga kina ta rama. Ki ji da kyau, da sunan gidanmu aka fasa jirgin mutumin nan. In kika je kika kunyata mu, kin san hanyar Auyo, kuma ke kaɗai za ki bi ta."

To Anti, ga inda nake. In na faɗi gaskiya, a raba ni da yarinyar da na yi duk wannan dominta, ta tashi ana nuna ta 'yar maƙaryaciya. In na rantse, na kori tsohon da shi kaɗai ne a cikin maganar nan ya kula da tsorona, kuma na san Littafin Allah ba ya barin wanda ya ci shi a kan ƙarya, ban san ta kan wa zai fara ba. An sa zaman ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Kar ku ce in yi istigfari kawai, ina yi, bai ɗora wa Baba Gambo karyayyen hannunsa ba. Ku faɗa mini abin da zan buɗe baki in ce a gaban mutane. Don Allah, me zan yi?