Matakalar Jirgin Dakar

Dakoro, damina ta 1956

Zuwa ga Azara, ruwan farko na damina, inuwar gawo a tsakiyar rani, nonon safe mai ɗumi, tauraruwar da makiyayan Tagriss ke bi su isa gida! Gaisuwa mai tarin yawa daga wanda kunya ta hana shi ɗaga kai.

Kin tuna ranar kasuwar Sabon Maci, kafin ki tafi Dakar koyon aikin ungozoma? Muna tsaye bakin rijiya jirgin sama ya gifta, shanu suka watse, wani tsoho ya faɗi rub da ciki yana salati. Na yi masa dariya har da riƙe ciki. Na bugi ƙirji na ce miki ni da nake kayar da bijimi in yi masa allura, tsuntsun ƙarfe ba zai ba ni tsoro ba. Kika rufe baki da gyale kina murmushi. Wayyo, da harshena ya ƙage a ranar!

Da kumandan, Baturen da ke mulkin Dakoro, ya zaɓe mu, ni da abokin aikina Ango, mu je Dakar ƙarin ilimin dabbobi, na buga miki waya ki tarye ni. A Yamai aka ce mana tafiyar da ke cinye makonni a ƙasa, jirgi zai yi ta a yini guda: mu tashi da hantsi, mu sha ruwa a Bamako, mu yi magariba a Dakar. Yini guda tsakanina da fuskarki! Amma da na sa ƙafa a matakala, injin ya yi ruri, ƙasa ta girgiza, sai na ja da baya. Na sauko, Azara. Ba ciwo, ba uzuri. Na tsaya riƙe da akwatina, yaran filin suna nuna ni, har jirgin ya zama kamar ƙuda a sama.

Ango ya rubuto mini sauran. Ya ce kin zo filin jirgin Dakar da ƙawayenki na lakkwal, wato makarantarku, kin sha lalle, kin ce musu su zo su ga mijin da za ki aura. Kin duba kowane fasinja har na ƙarshe, sannan kika tambaye shi ko rashin lafiya ce ta tsayar da ni. Bai iya yi miki ƙarya ba. Yaya kika koma? Me kika ce musu a hanya? Dariyar da ake mini a kasuwar Dakoro ba ta kai ko rabin zafin wannan ba, kuma tun ranar ban ga rubutunki ba.

Ya sanyin idona, ba zan ce tsoron ya tafi ba. Yana nan daram. Amma na durƙusa gaban kumandan, ya yi dariyarsa ya ƙoshi, ya ba ni kujera a jirgin bayan girbi. Zan hau, ko da idona a rufe, ko da a ɗaure kamar rago. Kada ki zo fili. Ni zan zo ƙofar lakkwal ɗinku in tsaya a rana, ƙawayenki su kalle ni son ransu, har sai kin ga dama kin fito.

Naki, a ƙasa ko a sama, har ranar da za a rufe ni,
Harisu