Gurbinka a Kwarin Kokawa

Da sunan Allah mai rahama. Daga ƙaninka Umaru na Wurogauri zuwa ga Yaya Garba a Gwanja. Gaisuwa mai yawa da ban girma. Ina lafiyarka, ina iyali? Ya cinikin goro? Mu da yunwar bara ta bari, mun gode Allah.

Bayan haka, da gero ya shigo gida, an sake buga gangar kokawa a kwarin nan na bayan gari. Tun zamanin kakanninmu kowane gida da wurin zamansa a gangaren, kuma a da mutanen Kalgo da Ceberu kan cika shi har yara su hau itace. Bana fili ya fi mutane yawa. Babu wanda ya matsa ya cike gurbin mamacinsa. Na bar na Baffa, na bar na Sani autanmu, naka ma na bar shi kusa da ni.

Ana cikin wasa sai wani dattijo daga Ceberu ya dubi gurbinka, ya kama hannuna, ya ce, "Har da Garba? Allah ya jiƙansa." Na ce kana nan da ranka. Ya ce, "To, yana ina?" Sai na mai da idona kan 'yan kokawa.

Ka sa mu a addu'a, ka gai da mai ɗakinka. Inna tana gaishe ka, idonta ya fara rauni. Ka zo ka zauna a wurinka, Yaya. Na gaji da gaya wa mutane ba ka mutu ba.