Ƙafa ta Takwas

Zuwa ga Yaya Jum'an,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga garinmu Ƙalansiya, nan tsibiri, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya a Salala, Allah ya tsare ka daga sharrin teku, amin. Iskar bana ta kwashe mana rufin garken awaki, amma ta lafa, jiragen ruwa sun fara zuwa. Wayarka kuwa tun farkon iska ba ta shiga, shi ya sa na ba Kawu Tanuf wannan ya neme ka da ita.

Maganar shuɗin gizo-gizonka ce, wanda ka bar mini a akwatin gilashi. Ka san yadda Inna ta tsane shi, tana cewa irinsa ne ke kashe raƙuma, kuma ba mai hankalin da zai ciyar da abu mai gashi, girman tafin hannu. Kai kuma kana tsokanarta wai ɗan'uwanka ne, shi ƙafa bakwai maimakon takwas, kai yatsu huɗu a hagu tun da zaren fatsa ya cinye maka ɗaya. Ashe maganar ta zauna mata. Da muka daina jin ka, sai ta koma zama a gaban akwatin. In ya ci fara, ta ce Jum'an ya ci abinci. Har ta fara kama masa farar da kanta, tana ce mini sakarai, ban iya kiwo ba.

Sai gizo-gizon ya daina ci. Ya toshe bakin raminsa da farar saƙa, ya yi shiru. Ran da ya fito, da hantsi muka same shi kwance rigingine, ƙafafu a sama, ko motsi babu. Na ce wa Inna ka taɓa gaya mini haka suke yi in za su yi saɓa. Ko kallona ba ta yi ba. Da la'asar kuwa sai ga su biyu a akwatin: ɗaya fanko, ɗaya kuma mai rai, shuɗinsa na sheƙi yadda ban taɓa gani ba. Na yi murna, na ce to ga ɗanki ya tashi. Ta matso da fuskarta jikin gilashin tana ƙirga da yatsa. Yaya, ƙafafunsa takwas ne. Ni ma na ƙirga, takwas ɗin ne.

Malamin makaranta ya ce ba abin mamaki ba ne, ƙafarsu na tsirowa. Inna ta ce ya riƙe iliminsa, ita abin da ta sani, sai a lahira ake mayar wa mutum abin da ya rasa. Ta naɗe fankon a farin ƙyalle ta binne a gindin dabino. Tun ranar ba ta cin komai sai madarar akuya kaɗan, ta rame, kuma in ta ambace ka sai ta ce Allah ya jiƙan ka. Ina jin tsoro, don ni ma na fara kauce wa kallon akwatin.

Don Allah, ko ba ka da abin aikowa, ka aiko da hoton hannunka na hagu. Ban taɓa zaton zan yi addu'ar ganin yatsu huɗu ba.

Gwaggo Mahfuza da Nuhu da yaran gidan Kawu duk suna gaishe ka. Na tambayi Inna ko in sa gaisuwarta, ta ce ba ta takarda ake gaida mamata ba.

Ƙanwarka mai jiran amsa,
Sa'ida