Tabon Gwiwar Auta

Zuwa ga Maman yara,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da Inna. Ni ma da sauƙi, sai dai jikin nan ya sake tashi.

Wannan karon har fatar kai da bayan hannu. In na tsaya guga, ɓarɓashin fata sai ya riƙa zuba a kan baƙaƙen kwat ɗin baƙin otal, in kakkaɓe, wani ya sauka. Manaja bai yi faɗa ba. Ya dai mayar da ni wajen wankin zannuwan gado, inda ba mai ganina. Ga ruwan zafi ga sabulu, hannun duk ya tsage.

Na koma wurin likitar fata. Maganarta ba ta canza ba: sunansa soriyasis, ba a ɗauka, ba ya warkewa, lallaɓa shi ake yi. Shafa mai bayan wanka, ruwa mai ɗumi kawai, safar hannu a wurin aiki, ban da susa, ban da damuwa. Da ta zo kan damuwa har dariya na yi.

Don Allah ki ce wa Gwaggo ta huta da aiko jiƙe-jiƙe. Na gode, amma na gaji da zama gonar gwaji.

Naki,
Baban yara

Maman yara,

Ina gaisuwa. Ya jikin Inna? Saƙonki ya iso.

Kin ce jan tabo mai fari a sama irin nawa ya fito wa Auta a gwiwa da bayan kunne, har 'yar bencinsu ta tashi ta koma wani wuri. Likita ta taɓa gaya mini yana bin jini. Na yi ta roƙon Allah ya tsaya a kaina.

Ki kai ta asibitin fata, kada a shafa mata nawa maganin, ya yi wa yaro ƙarfi. Ki yanke mata farce. In tana susa kada ki tsawata, ki ɗora mata tsumma mai sanyi. Ki samu malamarsu ki yi mata bayani, ko da sai kin maimaita. Ni bakina ya gaji da wannan bayanin, amma ita Auta yanzu za ta fara.

Kin ce ta tambaya ko za ta riƙa sa riga mai dogon hannu kullum kamar Baba. Wannan ce ta fi yi mini ciwo. Ashe tana kallo.

Na nemi hutu, an ba ni. Ki gaya mata ni zan raka ta makaranta, da riga mai gajeren hannu, in gaisa da malamai hannu da hannu. Ban san ko zuciyata za ta ɗauka ba, rabona da fita haka tun ina saurayi. Ko irin rigar ma ba ni da ita. Ki sayo mini ɗaya, Auta ta zaɓi kala.

Naki har kullum,
Baban yara