Na Sauke Motar Da Babana Ya Ɗaga

Salamu alaikum 'yan uwa masu son mota. Admin don girman Allah ka sakaya sunana, ko lambata kar ta fito, don akwai waɗanda muke shan shayi tare a cikin gurup ɗin nan, sunayen da za ku gani ma duk na canza su. Shawara na zo roƙo, don Allah ku taimaka ku ba ni, wanda ya ga zagi ya fi dacewa da ni shi ma ya yi, ba zan ce ya zalunce ni ba.

Ni ɗan Filinge ne, shekarata talatin da ɗaya, ina da ɗan shago na gyaran waya kusa da kasuwa. Asalinmu wani ƙauye ne a cikin ƙasar Kurfai, ba nisa sosai, amma hanyar rairayi ce zalla, kuma akwai wata ƙorama da sai ka ratsa ta kafin ka shiga gari. Babana Abdu, Allah ya jiƙan shi, direban ma'aikatar gwamnati ne tun zamanin mulkin soja na can baya, da ya aje aiki ya sayi wata 'yar ƙaramar mota mai ƙofa uku, irin wadda ake ɗaga bayanta, ko lokacin ma ba sabuwa ba ce. Shi da amininshi Baba Hima makanike, wani dattijo Bazabarme mai garaji bayan tasha, suka sa mata dogayen rasor, ƙarfen nan mai murɗe da ke riƙe da nauyin mota, suka ɗaga ta sama har ta zama abin dariya, mutane suka sa mata suna Jaka. To amma Jaka ba ta taɓa kafewa cikin rairayi ba. Duk wanda ciwo ya kama a ƙauyenmu, ko mace mai naƙuda, ita ake kira, Baba bai taɓa karɓar ko dala ba, mai hali ya zuba mai, marar hali ya yi addu'a. Akwai yara aƙalla uku a garinmu da aka haifa kan kujerarta ta baya. Ranar da Baba zai rasu ya ce da bakinshi, gaban Inna mahaifiyata, wannan mota kar a sa ta cikin gado, ta gari ce, ni makulli kawai aka ba ni. Kuma tun da aka hana hawan babur a yankinmu saboda halin da ake ciki, in ba Jaka ba sai amalanken shanu.

Inda shaiɗan ya shigo kenan. Akwai wani fako mai faɗi bayan garin Filinge, ƙasa mai tauri shimfiɗe kamar faranti, samari suka maida shi wurin tsere duk Asabar da yamma, sun jera tsofaffin tayoyi sun yi kwana-kwana, ana kama lokaci da waya. Na je kallo sau biyu, na uku na shiga da Jaka, wallahi dariyar da aka yi mini har yau ina jin ta, a kwana sai ta karkata kamar za ta kwanta, wani ɗan Alhaji mai sabuwar mota ya ce in kai ta kasuwar dabbobi ranar Lahadi ko a samu mai taya ta. Ni kuma mutum ne mai zuciya, ba na son raini ko kaɗan. Na dawo na duƙufa kallon bidiyo, na karanta duk abin da kuke rubutawa nan, cewa ƙaramar tsohuwar mota ita ce ta fi daɗin tsere in ba ka da ƙarfi, ka rage mata nauyi, ka sauke ta ƙasa, ka ba ta iska. Ban ce laifinku ba ne, ku kuna maganar motar wasa ne, ni ne na ɗauki motar marasa lafiya na yi wasa da ita.

Da yake aljihuna ba nauyi, kuma kayan mota sun yi wuta tun da soja suka dawo, sai na bi ta hanyar da ba ta cin kuɗi. Na cire kujerar baya, na cire tayar safaya, na fidda shebur da faranti biyu na ƙarfe da Baba ke sa wa ƙarƙashin taya in rairayi ya yi yawa, na ɓare dardumar ƙasa har ƙarfe ya fito, na cire salansa mai rage ƙarar hayaƙi, na samo tayoyi masu faɗi na hannu. Saura saukewa. Na kai wa Baba Hima na ce ya yanke mini rasor, dattijon nan ya ce ubana bai ɗaga motar nan don ado ba, kwana huɗu suka yi suna gwaji a bakin ƙorama kafin su samu tsawon da ya dace, shi hannunshi ba zai yanke ba. Na ce mishi ai zamani ya canza, ya ce zamani ya canza amma rairayin Kurfai yana nan inda yake. Abin da nake jin kunyar faɗa, har na ce mishi tsufa ne ke damun shi, mutumin da ya ɗauke ni a kafaɗa ina yaro. Bai rama ba, sai ya ce to in bar mishi kujerar a nan kar rana ta cinye ta. Na jefar mishi da ita gefen garaji na tafi wurin mai walda, na ari injin yankan ƙarfe, na yanke zobe biyu-biyu da hannuna.

Ba zan yi ƙarya ba, motar ta yi daɗi. Ta kwanta ƙasa, tana shan kwana kamar an ɗaure ta da igiya, ƙararta kuwa har cikin kasuwa. Asabar ta uku na wuce ɗan Alhajin nan, aka ɗaga ni sama ana ihu, aka saka hotona, wasunku ma sun yi mini jinjina a nan ba ku san ni ba ne. A raina na ce in an kira ni daga ƙauye ai sai in lallaɓa, ga damina ta kusa wucewa, hanya za ta bushe. Wata biyu ban je gida da ita ba, in zan gaida Inna sai in shiga motar kasuwa, in ce Jaka tana wurin gyara.

Ranar wata Talata da hantsi, ana tsakiyar yankan hatsi, Isuhu ya kira ni, babban ɗan Kawu Mamman, shi Kawu ƙanen Inna ne, su biyu suka rage a ɗakinsu. Ya ce kububuwa ta sari Kawu a ƙafa cikin gona, in zo maza. Na tashi ko shago ban rufe ba. Tun da na bar kwalta nake jin cikinta yana gogar ƙasa, ina salati ina taka wuta, ina isa ƙorama ta shiga ta zauna daram, tayoyi na juyawa a banza. Na buɗe baya in ɗauko shebur, ba shebur, ba faranti, ni na fidda su da hannuna suna can jingine bayan shagona. Na durƙusa ina tonon rairayi da yatsu kamar kare. Da suka ga shiru suka ɗoro Kawu kan amalanke, shanu na tafiyarsu ta shanu, suka iske ni nan. Maza wajen goma da hauya da hannu, aka sari rassan sabara aka shimfiɗa, aka ɗaga ta aka juya, kafin mu fita azahar ta yi. Sannan aka zo sa Kawu, ba kujera. Kan ƙarfe tsirara muka kwantar da shi, ƙarfen kuma ya ɗauki zafi don salansa babu darduma babu, Isuhu ya tuɓe rigarshi ya shimfiɗa mishi. Duk ramin da muka faɗa sai in ji kan Kawu ya bugu, ga ƙarar mota ko salatinshi ba a ji. Jini na fita ta dasashinshi, shi kuma yana ce mini sannu ɗan Abdu, yi a hankali, Allah ya yi maka albarka.

A likita suka yi abin da za su iya, suka tura mu Yamai. Kawu ya rayu, alhamdu lillahi, amma ƙafar ta lalace, sai da aka yanke ta daga ƙasan gwiwa. Wani ma'aikaci ya tambaya don mi muka daɗe haka, ban sani ba ko da mun zo da wuri za a ceci ƙafar, shi ma bai ce ba, amma tambayar ba ta bar kaina ba. Manomi ne, da ƙafar nan yake ciyar da mutum goma sha wani abu.

Yanzu ga babban abin kunyar. Can bakin ƙorama muna cikin tono, wani dattijo ya ce wai mi ya samu Jaka ta durƙushe haka, ina kujerarta. Duk ido ya dawo kaina. Wallahi ban shirya ba, bakina ne ya riga ni, na ce ai wurin Baba Hima take wata biyu, shi ya canza mata rasor ya sa gajeru, kujerar ma tana wurinshi bai maida ba. Da yake na daɗe ina ce wa Inna tana wurin gyara, sai maganar ta zauna daidai. Kun san ƙauye, kafin mu dawo daga Yamai labari ya zama wai Baba Hima ya cire kayan kirki na motar marayu ya sayar. Direbobin tasha biyu 'yan garinmu sun janye motocinsu daga garajinshi. Inna da ke aika mishi fura da kaza duk salla ta ce ba ta taɓa zaton amana za ta mutu tare da mai ita ba, ta yi kuka sosai, ga ta da hawan jini. Samarin fako sun san gaskiya, amma su 'yan Filinge ne, ba ruwansu da ƙauyenmu, wasu ma dariya suke yi in sun gan ni.

Sati uku ina zagaye hanyar garaji, in zan je tasha sai in bi ta bayan masallaci. Shekaranjiya ya aiko in zo. Na tafi na shirya jin zagi, da ma ya zage ni da na samu sauƙi. Na iske shi zaune shi kaɗai, garajin da kullum ke cike. Ya amsa gaisuwata kamar kullum, ya tambayi jikin Kawu, ya ce kala suru, wato sai haƙuri. Sannan ya shiga ciki ya jawo kujerar, ashe tun ranar da na jefar da ita ya ɗauke ya wanke, ya ɗinke inda ta yage, ya naɗe ta cikin buhu. Ya kawo rasor huɗu dogaye, ya ce da kanshi ya shiga mota zuwa Yamai ya tono su wurin masu tsofaffin kaya, tsawonsu ɗaya da na da, in kawo Jaka zai ɗaura, tun da ciwo ba ya jiran kowa. Na buɗe baki zan yi magana ya ɗaga hannu, ya ce ya ji abin da ake faɗa, bai musa wa kowa ba kuma ba zai musa ba, ɗan Abdu ba zai ji kunya ta bakinshi ba. Ya ce shi ya tsufa kamar yadda na faɗa, sunanshi ba sauran aiki mai yawa zai yi mishi ba, ni kuwa yanzu na fara. Jama'a na yi kuka gaban dattijon nan kamar ƙaramin yaro, ya bar ni na gama, ya miƙo mini buta in wanke fuska.

To ga inda nake. Ranar Juma'a za a dawo da Kawu gida, gari duka zai taru gaishe shi. Isuhu ya rantse bayan an sauko masallaci shi da ƙannenshi za su je wurin mai gari su kai ƙarar Baba Hima, in ba a yi komai ba su san yadda za su yi da garajin, kuma ni suke so in tsaya shaida. Kawu kuwa ya aiko a faɗa mini duk duniya ba wanda ya yi mishi abin da na yi, wai ya ga yadda yatsuna suka yi jini wurin tono.

Wani abokina ya ce in lallashi Isuhu a asirce, in gyara mota in ci gaba da ɗaukar marasa lafiya, tunda mai haƙƙin ya yafe, magana za ta mutu da kanta. Amma ko ta mutu, da sunan Baba Hima za a rufe ta. In kuma na tashi gaban jama'a na faɗi gaskiya, ban san abin da zai samu Inna ba in ta ji ɗanta ne, saboda tseren banza, ya tsayar da ƙanenta a ƙorama, kuma ya laƙa wa aminin mijinta sata. Makulli kam na san za a karɓe, wannan bai dame ni ba, ban cancanci riƙe shi ba. Idon Kawu nake tsoro.

Don Allah ku faɗa mini, in fara samun Inna ita kaɗai, ko Kawu, ko in bari sai an taru in faɗa sau ɗaya kowa ya ji, tunda gaban jama'a na yi ƙaryar? Masu iyaye tsofaffi, ya ake faɗa wa mai hawan jini irin wannan magana? Yau Laraba. Kujerar tana nan cikin shagona naɗe da buhunta, tun shekaranjiya na kasa kwance ta.