Na Tona Asirin Tsohona a Gaban Likita

Don Allah Anti mai shawara ki agaza mini, raina a ɓace yake. Ni tsohuwa ce mai jikoki goma sha ɗaya. Karatuna bai yi nisa ba, amma ina gane ƙarya ko ta sha kwalliya.

Maigidana tsohon direba ne. An gano ciwon daji a mafitsararsa, aka sa ranar aiki, muka je a duba shi kafin ranar. Likitar ba ta wuce sa'ar autarmu ba. Ta tambaye shi taba, ya ce ya bari tun gashinsa na baƙi. Ciwon suga kuwa wai sai dai ya ji a maƙwabta. Magani ma wai ba ya shan ko ɗaya.

Anti, ni ke wanke rigunansa, ni ke zazzage guntayen sigari daga aljihu. Ƙwayoyin tsinka jini da abokinsa ya ba shi, wai suna sa jiki sakayau, suna cikin takalminsa na fita unguwa. Shayinsa cokali ma sai ya tsaya a ciki don suga, amma da gwaji ya matso sai ya yi kwana uku yana shan sa salam, kamar ɗalibi mai satar amsa. Na ga abin ba na shiru ba ne, na zayyane komai. Likita ta ajiye biro, aka sake gwaji, aka ɗage aikin da sati uku.

Tun ranar ko kallona ba ya yi. Ƙanwarsa ta zo har ɗakina, wai na kunyata yayanta gaban likita sa'ar 'yar cikinsa, wai ni na hana a yi aikin. Ni! Shekara arba'in da huɗu ina rufa masa asiri, ko munsharinsa ban taɓa kai ƙara ba. Yanzu ya kafe ba zai koma asibitin ba. In ciwon nan ya ɗauke shi, wa zan riƙa tsokana?

Kaka Mai Dogon Baki

Kaka, ba ki yi laifi ba. Ba a yi wa likita kara. Ƙwayar tsinka jini kan sa jini ya ƙi tsayawa ana tsakiyar aiki, suga in ya hau yana hana rauni warkewa, taba kuma tana wahalar da huhu idan aka sa mutum barci. Ɗagewar nan gata ce aka yi masa.

Sai dai ki duba nasa ɓangaren. Tsoro ne ya sa shi ɓoyewa, so yake a yi a gama, sai ga shi an kwance masa zani a gaban yarinya. Ki same shi ku biyu, ki ba shi haƙurin kunyar da ya ji, amma kada ki janye ko kalma ɗaya. Ki ajiye tsokana na kwana biyu, ki gaya masa a fili tsoron rasa shi kike yi.

In ya ƙi saurara, babban ɗanku ya raka shi, ya kuma nemi ganin likita namiji idan hakan zai fi masa sauƙi. A tattara magungunan duka a kai asibiti, likita ne zai faɗi wanda za a bari da lokacin barinsa. Ƙanwar ma a tafi da ita ta ji da kunnenta. Kada sabuwar ranar aikin nan ta wuce, ciwon daji ba ya jiran mai fushi ya huce.

Allah ya sa a yi aikin a sa'a, ya tashi kafaɗunsa, ya bar ku tare.